Ranar da Na Miƙa Hannu a Yi Mini Allura

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tafi ƙauyenmu koya wa mutane jarunta, aka ƙare ana yi mini fifita da faifai.

A lokacin ni ne mafi ƙuruciya a majalisar gundumarmu, can wajen Gesheme. Ban cika talatin ba, ina da shagon kayan babur a Dogon Dutsi, kuma ina da baki. Baki kam Allah ya ba ni. Idan na tashi magana a zaman majalisa, rabi Hausa rabi Faransanci, har dattawan kansiloli sukan gyara zama (daga baya na gane yawancinsu gyara zaman gyangyaɗi suke yi).

Shekarar nan zafin bazara ya zo da sanƙarau. An binne yara a ƙauyukan da ke kusa da namu, wasu da suka tashi kuma suka tashi ba sa ji. Hukumar lafiya ta jiha ta aiko da allurar rigakafi kyauta don yara da matasa, amma jita-jita ta riga motar likita isa ƙauyuka: wai allurar tana hana haihuwa. Da aka kawo maganar majalisa, na miƙe na ce a kafa doka, duk magidancin da ya ɓoye 'ya'yansa a hukunta shi. Magajin gari ya bar ni har na gama buga tebur, sannan ya ce majalisa ba ta da hurumin tilasta wa kowa allura. Abin da aka yanke shi ne kowane kansila ya raka ma'aikatan lafiya ƙauyensu, ya lallashi mutanensa. Na ce nawa ƙauyen ku ɗauka an gama.

Akwai abin da ban faɗa wa majalisa ba. Babban mai ƙin allurar a ƙauyenmu shi ne Baba Tankari, dattijon da idan ya ce a'a rabin gari ya ce a'a. Kuma shi ne mahaifin Mariyama, yarinyar da nake nema, wanda har lokacin bai ba iyayena amsa ba. Sai na ga dama ta samu: in ceci yaran gari, in kuma nuna wa dattijo irin surukin da zai samu. Na sa sabuwar shaddata, na kafa hula, na shiga gaban motar likita kusa da direba.

Shugabar tawagar ita ce Majo Rabi, mai riƙe da gidan likitan gundumar, mace marar yawan magana. Ta shimfiɗa kayanta a ƙarƙashin babban gawon da ke ƙofar maigari. Mutane sun fito sosai, maza a gaba, mata da yara a baya, amma kowace uwa ta riƙe ɗanta gam. Na hango Mariyama cikin mata. Nan murya ta ƙara buɗewa.

Na yi jawabi, jama'a, na yi jawabi. Na kawo tsarin gwamnati kan lafiya, na kawo hakkin yaro a kan ubansa, na ce tsoron allura bai dace da jikokin mutanen Arewa ba. Na ce abu ne kamar cizon sauro, ɗan tsito ka ji an gama. Da na tsaya shan iska, Baba Tankari ya ɗaga sandarsa kaɗan.

"Ɗana, mun ji batunka. In abin ƙwarai na, a hwara da kai mu gani."

Majo ta ce shekaruna suna cikin waɗanda ake yi wa, babu matsala. Ni kuwa har daɗi na ji. (Rabona da allura tun ina lakwal, wato makarantar firamare, ita ma sai da mushe, malaminmu, ya danne ni a kan benci. Amma na ɗauka irin wannan abu yana tafiya da ƙuruciya, kamar fitsarin kwance.) Na tako tsakiyar fili, na naɗe hannun riga har kafaɗa, na juya yadda ɓangaren mata zai gan ni da kyau. Majo ta goga mini auduga mai sanyi. Warin maganin ya bugi hancina. Sai na yi kuskuren waiwayawa, na ga ta ɗaga allurar sama tana ɗan ƙwanƙwasa ta da farce, bakin allurar yana ƙyalli a rana.

Abin da na sani ke nan.

Na farka na ji ruwa yana shiga kunnena. Ina kwance cikin rairayi, direba ya ɗaga ƙafafuna sama, wata tsohuwa tana yi mini fifita da faifai, hulata tana can gefe. Mata suna salati, wasu sun saɓa 'ya'yansu sun nufi gida da gudu, ana cewa allura ta kashe kansila. A kaina kuma gardama ta kaure. Wata 'yar bori tana cewa doguwar gawon ce ta buge ni don na yi fahariya a inuwarta, wani saurayi ɗan kasuwa yana ce mata ta ji tsoron Allah, yana tofa mini addu'a a fuska. Gaskiya maganar doguwar ta yi mini daɗi. Iska ta kayar da mutum ai ba abin kunya ba ne. Na sake lumshe ido, na ce bari in zauna a kan wannan.

Majo Rabi ta durƙusa kusa da kunnena, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kansila, na san kana ji na. Allurar ba ta taɓa ka ba, ga ta nan cike. In na faɗa ba za su yarda ba. In ba ka tashi ka faɗa da bakinka ba, babu yaron da za a yi wa rigakafi a garin nan."

Na kwanta ina auna abin. A gefe guda ga mutuncina, ga Mariyama, ga shaddar da ta riga ta lalace. A gefe guda ga yaran da na ga ana gudu da su, cikinsu har da 'ya'yan yayata. Na tashi zaune, na roƙi maigari ya sa a kira mutane su dawo. Da suka taru, na miƙe ina kakkaɓe rairayi, na ce ba allura ba ce, ba kuma iska ba ce. Na ce ko fatata ba a huda ba, ganin allurar kawai na yi na sume, saboda tsoro. Wannan karon babu Faransanci ko kalma ɗaya.

Sai na ga kafaɗun Baba Tankari suna rawa. Dariya ta ƙwace masa har ya saki sandarsa, daga nan fili ya ɗauka. Har Mariyama na gani ta rufe fuska da mayafi, jikinta yana girgiza (har yau tana rantsuwa wai kuka take yi).

Da dattijon ya share hawaye, sai ya ce yaron da ya iya faɗin wannan a gaban gari ba zai yi musu ƙarya a kan magani ba. Amma fa sharaɗi yana nan, sai an yi mini. Aka kawo tabarma, na kwanta rubda ciki, shi da kansa ya dafe mini kai yana ce mini in yi haƙuri, cizon sauro ne. Aka yi. Da gaske kuma cizon sauron ne. Bayana ya miƙa jikarsa, 'yar ƙaramar yarinya, ta karɓi tata tana kallona, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Daga nan layi ya miƙe. Iyaye mata suna turo 'ya'yansu suna cewa je ka nuna wa kansila yadda ake yi. Majo ba ta naɗe kayanta ba sai da rana ta yi sanyi, kuma a wannan bazarar ba mu binne yaro saboda sanƙarau ba.

Labari ya riga ni isa majalisa. Magajin gari ya yaba da aikin ƙauyenmu a gaban kowa, ya kuma roƙi sauran kansiloli kada su kwaikwayi dabarata sai in akwai mai tare su. Baba Tankari ya ba ni Mariyama bayan kaka, duk da cewa har yanzu in ya ga ana ɗinki sai ya ce a kawar da allura, surukinsa ya shigo.

Abin da na koya shi ne, mutane sukan yafe wa shugaba tsoro idan bai ɓoye shi ba. Don haka yanzu ba na ɓoyewa. Duk ranar awon jarirai ni ke ɗaukar Mariyama da 'yarmu a babur zuwa gidan likita, ba mu taɓa tsallake rigakafi ko ɗaya ba. Su shiga ciki, ni kuma in tsaya waje gadin babur.