Ranar da Na Ƙawata Ɗakin Gwaggo da Kayan Aro

Ko da zan manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa manta ranar da na kusa jawo wa Gwaggona asarar ɗakinta ba, kuma wai duk da sunan ina fitar da ita kunya.

Gwaggo Hajo yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Kakanninmu daga ƙasar Kano suka zo aikin hajji suka zauna, mu duk a nan Madina aka haife mu. Tun da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai a wani ɗan ɗaki da falo na haya a unguwar Ranuna, inda take iya takawa a hankali zuwa masallacin Ƙuba. Da soyayyar gyaɗa take biyan haya, har gwiwoyi suka ƙi. Na yi na yi ta dawo wurina a unguwar Sih, ta ce ita ba ta zaman gidan suruki, balle hawa na uku da babu lif. Shekarar haya ta zo ƙarshe, mai gida ya fara yawan gaisuwa, kun san irin gaisuwar.

Akwai wata jam'iyya, wato ƙungiyar agaji, da ke taimaka wa tsofaffi da kuɗin haya da na wuta. Kafin Gwaggo ta yarda a kai sunanta sai da bakina ya kusa tsagewa. A wurinta wannan roƙo ne, ita kuwa ko gishiri ba ta taɓa roƙa a maƙwabta ba. Da ƙyar ta ce, "To, amma ke za ki yi magana. Ni ba zan iya cewa ba ni da shi ba."

Sai aka bugo waya aka ce wata ma'aikaciya za ta zo ta duba gidan, ta ga halin da tsohuwa take ciki. Duk wannan bayani, abu ɗaya kunnena ya ɗauka: baƙuwa za ta zo. Ni kuwa Allah ya ɗora mini son a yaba (ko mai kawo tukunyar gas zai shigo, sai na kunna turare). Mu kuma a wurinmu, baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. In babu, a aro.

Na fara da maƙwabciyar Gwaggo, Maman Usama, wata 'yar Chadi mai kirki, na aro kafet ɗinta mai laushi na ɗakin baƙi. Na kwaso labulayena da matasai da talabijin daga gida. Na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke ce wa mukayyif, da ta daɗe da mutuwa, na lulluɓe ta da ƙyalle mai ado. Bangon da ruwa ya ci har ya yi baƙi, na sakar masa labule tun daga sama har ƙasa. Maigidana, wanda ke aiki a wata gonar dabino a Awali, na sa shi ya zo da dabino mafi kyau. Yana sauke kaya daga mota ya dube ni ya ce, "Anya kuwa? Taimako fa ake nema, ba aure ba." Na ce masa maza ba su san sha'anin gida ba. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi abinsa (har yau in muka yi gardama, sai ya ce "anya kuwa" kawai, in yi shiru).

Ban tsaya nan ba. Na cire awarwarona na zinariya na zura wa Gwaggo a hannu. Tana ta kallona. Ta ɗauka tunda na yi makaranta, na san abin da nake yi.

Ma'aikaciyar ta iso da hantsi, yarinya ce matashiya mai ladabi, Larabci kawai take yi. Tana shigowa ta ce, "Masha Allah, ya Khala, gidanki ya yi kyau!" Wallahi sai na ji kaina ya kumbura. Na zuba mata gahawa, na tura mata dabino, na ƙara turare. Ta fito da waya ta ɗauki hoton falon ta kowace kusurwa, ni ma har da gyara mata matashi don hoton ya fita sosai.

Ta juya ga Gwaggo ta tambaya wa ke kula da ita, kuma ko akwai abin da ta rasa. Kafin tsohuwa ta buɗe baki na cafe: "Alhamdu lillahi, ba ta rasa komai ba. Muna tsaye a kanta dare da rana." Na faɗa da irin muryar da ake amsa wa dangin miji.

Yarinyar ta rubuta. Ta ajiye kofin gahawa, ta ce cikin taushin murya, ta ji daɗin ganin tsohuwa cikin kulawa haka, domin jam'iyya tana fara duba waɗanda ba su da kowa ne, masu kwana a ɗakin da ko sanyi babu. Ta ce za ta kai abin da ta gani, amma kada mu sa rai sosai.

A nan ne hankalina ya dawo jikina. Na dubi kafet, na dubi labule, na dubi zinariyar da ke hannun Gwaggo. Na matsa kusa da ita na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, na kashe mu."

Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a kan tiren dabino. Ta sa sandarta ta ɗaga gefen kafet, siminti mai tsagewa ya bayyana. Ta ce da ni, "Tashi ki yaye labulen nan." Na tashi na yaye. Ta ce, "Da ƙyallen mukayyif." Na cire, ƙura ta tashi har sai da baƙuwa ta yi atishawa.

Sannan ta fuskanci yarinyar, ta yi magana da Larabcinta na tsofaffi: "Ya binti, duk abin da kika gani a nan na mutane ne. Nawa tabarma ce da buta. Kuɗin haya ya fi ƙarfina. Ba ni da kowa sai Allah sai wannan, ita kuwa ba ta da komai sai son a yaba."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Ina tsaye riƙe da ƙyalle kamar wadda aka kama da kayan sata.

Yarinyar ta kama hannun Gwaggo, sai kawai na ji ta ce da wata karyayyar Hausa, "Ya isa, Kaka." Ashe kakarta Bahaushiya ce, tana jin komai, amsawa ce ba ta iya sosai. Wato har "na kashe mu" ɗina ta ji. Ta koma Larabci ta ce ita ma in za a yi baƙi a gidansu haka ake kwaso kayan maƙwabta, amma ita abin da ido ya gani aka kuma faɗa mata shi take rubutawa. Ta ce in fitar da duk abin da ba na gidan ba, ta sake ɗaukar hoto.

Haka na naɗe kafet na ɗora a ka, na fito da rana tsaka. Maman Usama na bakin ƙofarta, ta ce, "Har an tashi daga walimar?" Na ce mata an tashi.

Bayan wasu makonni taimakon ya fito, Gwaggo tana nan a ɗakinta har yau. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar dai, bayan baƙuwa ta tafi, muna zaune a kan tabarma, ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ki, ki faɗa a madadina. Sai da kika sa na faɗa da bakina." Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, don na san abin da ta haɗiye kafin ta furta.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. To nawa dai ya rufe, rufewar da ta kusa raba tsohuwa da makwancinta. Yanzu in za a yi baƙo, kafin in kunna turare sai na tambaya: gaisuwa ya zo yi, ko duba mu ya zo?