Gorar Mma a Ɗakin Hoto

Ba zan taɓa mantawa da ranar da gorar jiƙo ta tona mini asiri ba. Ni malamin kimiyya ne a unguwar Kalpohin da ke garin Tamale, kuma a gidanmu na Zogbeli ko ƙwan lantarki ne ya mutu sai an ce a jira Ticha (ni kuwa, Allah Ya yafe mini, abin yana fasa mini kai).

Da maƙoƙo ya fito wa mahaifiyata Mma a wuya, likita ya tura mu wani babban asibiti a kudu a ɗauki hoto na musamman. Allurar wani ruwa ake yi, maƙoƙon ya tsotsa, na'ura ta nuna yadda ya tsotsa, daga nan a san ko ƙwaya za a ba ta ko aiki za a yi mata. Yini guda muka yi a mota.

Ma'aikaciyar ɗakin hoton, wata 'yar kudu, ta tambaya ko Mma tana shan wani magani. Kafin tsohuwa ta buɗe baki na gyara tabarau na zuba Turanci: ba ta shan komai, ni malamin kimiyya ne. Har na soma yi wa matar bayanin aikinta.

Ta saurare ni tsaf. Sai ta juya wajen Mma da Hausar kasuwa, ashe ta taɓa zama a Kasalgu, can wajenmu a Tamale.

"Mma, da safe kai na sha menene?"

Mma ta zuge jaka ta zaro gora cike da baƙin jiƙon saiwa da ganyaye. "Wannan, 'yata, safe da yamma. Ticha ne ya sayo mini, ya ce yana narkar da kumburi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "Ai ganye ne kawai, Madam."

Ba ta yi mini dariya ba, kuma har gobe ina gode mata. Ta ce akwai ganyayen da ke sa jiki ya tsotsi ruwan allurar fiye da kima, ko ya ƙi tsotsa. Tunda ba a san abin da ke cikin gorar ba, hoton na iya yin ƙarya, likita ya bi ƙaryar. Nan na shiga taitayina, don maganar wuyan uwata ake yi.

Aka ɗage hoton, aka ajiye jiƙo, muka dawo Tamale hannu rabbana. Muna shigowa gari Mma ta ce mini, "Ticha, ashe akwai ajin da ba ka shiga ba."

Bayan wasu makonni muka koma, hoto ya fito daidai, ƙwaya aka ba ta, wuƙa ba ta taɓa ta ba. Alhamdu lillahi.

Yanzu in mun je asibiti aka tambayi Mma, ita ke amsawa. Ni aikina riƙon jaka.