Giwar Baba Zira da Ɗorawar Hanatu

"Lafiya lau, Maigida, sai dai takaicin da na zo na tarar har yanzu kana numfashi. Wai yaushe za ka tafi in ci gado?"

"Gadon wa? Matar da ta bar mijinta da yunwa ta tare a Mubi tana cin burodi? Sauko daga babur ɗin nan kafin ki fasa wa bawan Allah taya."

Haka Ƙauna da kakanta Baba Zira suke gaisawa, kuma duk Betso ba mai ɗaga kai don ya ji su. Tun ranar da aka kai ta coci tana jaririya ya leƙa cikin zane ya ce wannan mummunar ai matarsa ce, in ba shi ba wa zai kwasa. Daga ranar bai sake kiranta da wani suna ba. Ita kuwa da ta yi baki sai ta rama, kuma har yau ramawa take yi.

Wannan bakin nata ne ma ya sa aka aiko ta. 'Ya'yan Baba Zira sun haɗa hannu za su saya masa tarakta kafin ruwan farko, don gwiwa ta ƙi, shanun noma kuma an sayar. Kalibu, wani mai sayar da tsofaffin injinan noma a Mubi, yana da guda biyu, babba da ƙarama, ya kuma ce a ba shi amsa yau domin wani mutumin Mugulbu yana zagayen ƙaramar. To amma wa zai ce wa Baba Zira ga wadda ta dace da shi? Philemon, uban Ƙauna, da furfurarsa da komai, in tsohon ya yi gyaran murya sai ya fara neman hularsa. Jika ce kaɗai aka yarje wa ta faɗa wa kaka abin da ta ga dama ta kwana lafiya.

Ta zauna a bakin tabarmarsa ba tare da an ce ta zauna ba, ta jawo kwanon gyaɗarsa gabanta, sannan ta nuna masa hotunan a waya. Ɗaya ja ce ƙatuwa, tayar bayanta ta kai kafaɗar mutum, da ɗaki na gilashi a sama. Ɗayar shuɗiya ce 'yar gajeruwa, ƙafafunta huɗu duk suna ja, da cebur a gaba na ɗaukar kututture, da 'yar tirela a baya.

Ya dangwala yatsa a kan jar har wayar ta kusa faɗuwa. "Wannan ita ce tarakta. Waccan kuma fa? Injin markaɗe aka sa wa taya?"

"Ƙaramin goro ya fi babban dutse, Tsoho."

"Ki kai wa maƙwabcina Jatau wannan karin maganar. Bara ya ɗauko hayar wata mai tari kamar tsohon jaki, ya zo ya tsayar da ita a ƙofar gidana wai gaishe ni yake yi. Bana giwa zan hau, in leƙo shi daga sama in ce, Jatau, ashe kana da sanƙo?"

"Wa zai ɗora ka? Kai da sai an yi addu'a kafin ka hau gado."

"Ni? Shekarar da bijimina ɗaya ya yi ciwon ƙafa, ni na shiga karkiya tare da ɗayan muka nome gonar nan kaf. Bijimin ne ya fara neman hutu."

"Ashe shi ya sa kake tauna baki ba komai a ciki. Tuƙa kake yi."

"Ki ci gyaɗata ki zage ni. Allah ya isa tsakanina da wanda ya haɗa auren nan."

"Kai ka haɗa abinka, ba wanda ya roƙe ka."

Da ta ga ya yi dariya har haƙoransa ukun nan sun fito, sai ta shigo da maganar da ta kawo ta. Ta tuna masa cewa gonarsa ba fili ba ce irin na Jatau. Tana ƙetaren mayo, wato rafin garin, hanyarta siririya ce mai duwatsu, cikinta kuwa itatuwa ne ko'ina, ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, wasu ma rassansu sun haɗe. Jar tana da bututun hayaƙi a tsaye da zai sarƙe a reshen farko, kuma kafin ta juya sai an ba ta fili kamar na ƙwallo. Ga shan mai kamar ana bin ta da bulala. Shuɗiyar kuwa za ta ratsa tsakanin itace da itace, ta kwashe kututture, ta jawo masa itacen girki har gida, kayan gyaranta kuma suna nan a Mubi.

Baba Zira ya saurara yana lumshe ido kamar mai jin wa'azin da ya riga ya haddace. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Ni ba rimi zan hau ba. Ɗorawa ce ta tare wa giwarka hanya."

"Sai a sare."

"A sare me?"

"Duka. Na riga na yi magana da masu injin yankan itace na Mayo Bani. Bayan Lahadi za su zo."

Ya faɗe ta a sauƙaƙe kamar mai cewa a miƙo masa ruwa. Ƙauna ta ture kwanon gyaɗar gefe. Wannan fa mutumin ne da ya taɓa bin wani mai gawayi da fartanya har cikin mayo saboda reshe ɗaya. Kuma ɗorawar nan ba ta kowa ba ce, ta kakarta Hanatu ce, wadda ta rasu shekara biyu da suka wuce. Da daddawar itatuwan nan aka yi wa Philemon kuɗin makaranta, da ita aka san gidan har kasuwar Mubi. Tsoro ya kama ta na gaske, don ta san halinsa: in ya ce bayan Lahadi, to ranar Litinin za a ji ƙarar inji. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai ta san in ta tambaye shi kai tsaye zai rufe baki kamar kunkuru, don haka ta bi ta inda ta saba.

"Na gane. Ƙafarka ce ba ta kai ka gonar, shi ya sa ka manta yadda take. Bari in je in duba ni kaɗai, kai ka zauna ka yi gadin kaji."

Kafin ta rufe baki ya riga ya miƙe yana laluben sandarsa.

Suka kama hanya cikin zafin bazara, shi a gaba yana cika baki, ita a baya tana kwashe masa. Ya ce da ƙuruciyarsa yakan je Michika a ƙasa ya dawo kafin kunu ya huce. Ta ce ai ta ji labari, kare ne ya biyo shi. Ya ce 'yan matan dutse sun yi faɗa a kansa har aka kira mai unguwa. Ta ce ƙwarai, kowacce tana cewa ɗayar ta ɗauka. Suka ƙetare yashin mayo suka hau tudu. Amma da suka iso jerin duwatsun da ke iyakar gonar, sai bakin Baba Zira ya mutu. Ya tsaya, ya ce ƙaya ta shiga takalminsa, ya zauna a kan dutse ya ba gonar baya.

Ƙauna ta wuce shi ta shiga. Gefen da ke fili an nome shi bara, ga kunyoyi nan. Amma ɓangaren itatuwan ciyawa ta cinye shi, ko sawun mutum babu. Ɗorawar bana ta nuna, tana reto a sama tuli-tuli, ta bara kuma tana zube a ƙasa ta yi baƙi, awaki sun tattake. A gindin babbar bishiyar ga duwatsun murhu uku inda Hanatu take dafa kalwa, har yanzu da baƙin hayaƙi a jikinsu. Can a tsakanin rassa kuma ga maƙatarta, doguwar gorar nan mai ƙugiya a baki da take fizgo ɗorawa da ita, tana jingine inda mai ita ta bar ta. Nan Ƙauna ta gane cewa tun ranar jana'iza tsohon bai taka wurin nan ba, kuma Jatau da sanƙonsa ba su da laifin komai. Tausayinsa ya cika mata ciki har idonta ya kawo ruwa. Ta share da bakin gyale ta dawo, don in ya ga hawaye an gama magana.

"Maigida, ƙayar ta fita, ko a kira masu inji su sare ƙafar?"

"Rabu da ni."

"Ina da tambaya. A garin nan, gona ta wa ce?"

"Ta maigida mana."

"'Ya'yan ɗorawa da kaɗe fa?"

Ya hango inda aka nufa. Kowa a Betso ya san wannan: ƙasa ta namiji ce, amma abin da ɗorawa da kaɗanya suka zubar na matar gida ne, kuma namijin da ya sare su ba da yardarta ba sai ya sha kunya a gaban dattawa.

"Na matar gida ne," ya ce da ƙyar.

"To madalla. Wa kake kira matarka tun tana cikin zane, a gaban fasto da zumuntar mata da kowa da kowa?"

"Wannan ai wasa ne."

"Da kake aike na in ɗebo maka ruwa ba ka ce wasa ba ne. Itatuwana ne, kuma ban yarda ba."

"To na sake ki."

"Dattijon coci guda? Sake faɗa da ƙarfi in kai wa fasto. Auren nan sai mutuwa, kuma ka ƙi mutuwa."

Ta jira dariya, ba ta zo ba. Baba Zira yana ta juya takalmin da ba ƙaya a cikinsa. Da ya yi magana, muryar ba ta wasa ba ce.

"Shekara biyu suna zuba, ba mai tsinta. In iska ta kaɗa da daddare ina jin su daga ɗakina. Ni kuma ba ni da idon kallonsu, Ƙauna."

Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta. Ta zauna kusa da shi a kan dutsen, ita tana kallon itatuwan, shi yana kallon hanya. Can ta ce masa hutun makaranta ya kusa, kuma yaran da take koyarwa ba za su mutu ba don ta yi makonni a Betso. Ita za ta tsinta, ita za ta dafa kalwar a murhun nan, bana da baɗi da duk shekarar da Allah ya ba su. Shuɗiyar kuma ita za ta kwaso buhunan zuwa gida.

Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa. "Ke? Daddawa? Wadda kika yi kina 'yar sakandare, ƙudaje ma sai da suka yi ƙaura."

"Kai kuma ka cinye ta har kana lashe kwano."

"Don kada a ce matata ta kashe wani a waje."

Ya sa takalminsa ya miƙe. Ta zaci gida zai nufa, sai ta ga ya ɗaga ƙafa ya tsallake jerin duwatsun. A hankali ya ratsa ciyawar, yana dogara sanda, bai dubi murhun ba, har ya isa gindin babbar ɗorawar. Ya jawo maƙatar daga cikin rassa, ya kakkaɓe ƙurar da gara ta tara mata a gindi, ya shafa inda hannu ya sa gorar ta yi santsi. Sannan ya miƙa mata.

"Ungo sadakinki, kada ki sake cewa ban biya ba. Kira Kalibu ki ce ya kawo shuɗiyar akuyar taki. Masu inji kuma ki ce musu matata ta hana."

"Jatau fa?"

"Ki ce masa jaririyar giwa ce, za ta girma."

Dariya ta ƙwace musu su biyun, har sai da ya dafa bishiyar. Ta kira Kalibu a tsaye a wurin, ta ce shuɗiyar, kada ya kuskura ya ba mutumin Mugulbu. Sannan ta ɗaga maƙatar tana neman reshe, gorar tana rawa a hannunta, ƙugiyar tana kama iska.

"Ba haka kakarki take riƙewa ba," in ji Baba Zira. "Sauke hannun dama. Matsa nan."

Ya zo ya tsaya a bayanta ya kama gindin gorar, ya ɗaga kai yana duban rassan ɗaya bayan ɗaya.

"Waccan," ya ce. "Da waccan take farawa."