Rasuwar Shuɗiya, Motar Alhaji Illo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, Alhaji Illo mai hatsi na Gatawa yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa Shuɗiya, wadda ta cika ranar Talata bayan sallar asuba, a bayan gidansa, gaban idon jama'a.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta kai gero Sabon Birni, ta kwaso masu jego daga Isa, ta ɗauki amare da awaki ba ta taɓa nuna bambanci ba. In sanyi ya kama, sai an tura ta, ta yi tari, ƙyahak, ƙyahak, kana ta ce gurrr, unguwa ta san gari ya waye.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga tsananin so. Da sanyin bana ya shigo, kowa ya ƙudundune cikin bargo, ɓarayi suka samu sarari. Alhaji ya ɗaure sitiyari da sarƙa, ya sa kwaɗo. Ya cire batir ya tura ƙarƙashin gado. Hankalinsa bai kwanta ba, don ya san duniya: ɓarawo ba ya zuwa sai wani ya ba shi labari. Sai ya tura ta bayan gida ya lulluɓe da karan dawa har ta koma tari kamar na kowa, ya fito majalisa ya ce ya saida ta Maraɗi.

Ƙaryar ta zauna daram. Har ranar da maƙwabcinsa Marwan ya zo a guje, matarsa na naƙuda, yana tambaya ko akwai wata motar da Alhaji ya sani. Alhaji ya dubi ƙasa ya ce babu. Bisa babur aka kai ta Sabon Birni cikin wannan sanyi. Allah ya sauke ta lafiya, amma tun daga ranar Alhaji bai ƙara haɗa ido da Marwan ba.

Dattawan masallaci kuwa, kowace shekara daga karan Alhaji suke zara su hura wutar jin ɗumi. Bana ma suka zo. Ya hana? Wa ke gadin kara in ba da wani abu ciki ba? Ya zauna tare da su yana miƙa hannu ga wuta, zufa na keto masa. Iska ta ɗauki tartsatsi ta aza bisa tarin. Liman ya ce a bari shi ci, ai kara ne. Alhaji ya buɗe baki, ya hango Marwan cikin masu jin ɗumi, ya rufe. Sai da taya ta fashe, daram, kana ya kwarma ihu a kawo ruwa.

Marigayiya ba ta ko samu yin oda ba, batirinta na ƙarƙashin gado.

Da hayaƙi ya lafa, ga ta tsaye baƙa ƙirin, sarƙa na nan ga sitiyari. Abbas mahauci ya zagaya ta, ya ce, "Alhaji, ashe Maraɗin taka bayan gida take? Da mun sani da ƙafa za mu riƙa zuwa." Wanda ya fi kowa ɗibar ruwa Marwan ne. Ya aje bokiti ya ce, "Allah shi maida alheri, Baba." Gara ma da zaginsa ya yi.

Ta rasu ta bar batir ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da mabuɗi, da kwaɗo, da Hajjo uwargida, wadda ita ma sai ranar ta ji ba a saida mota ba, kuma har yau da yaro take aiko wa Alhaji tuwo.

Za a ɗauki gawa ranar Laraba da hantsi zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe a Sabon Birni. Ba a samu motar da za ta ja ta ba, don haka amalanken shanun Marwan zai kai ta, shi ya kawo da kansa ba a roƙe shi ba. Alhaji ya ce ba zai hau ba, a ƙasa zai bi su.

Ana karɓar gaisuwa a zaure. Mai zuwa ya yi addu'a ya tashi, kada a tambayi hanyar Maraɗi.

Sanarwa daga amininsa, Ɗanmusa.