Ranar da Siket Ɗina Ya Riga Ni Tafiya Gwaram

Ko da tsufa ya share mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaishe da mahaifin Hadiza a Basirka ba. Har yau in na ji an tayar da babur a bayana, sai na kai hannu na dafe ƙuguna.

Hadiza ce silar komai. Ina neman aurenta, sai ta gaya mini mahaifinta, Malam Isiyaku mai Islamiyya, ba ya ba da 'yarsa ga saurayin da ba shi da sana'ar hannu. Ni kuwa malamin firamare ne a Birnin Kudu, ban da alli babu abin da hannuna ya iya riƙewa. Don kada in rasa ta, sai na buɗe baki na ce ai ni masaƙi ne, kuma ranar gaisuwa da abin da na saƙa zan zo a jikina. (Allah ya sani, a lokacin ko ƙoshiyar saƙa ban taɓa riƙewa ba.)

Na samu wani tsohon masaƙi ta wajen Wurno, na fara koyo bayan an tashi makaranta. Babbar riga na ƙudurta. Da aka yi nisa na ga zaren yana tsinkewa fiye da yadda yake saƙuwa, sai na sauko zuwa jamfa. Daga jamfa na sauko zuwa wando. Ranar gaisuwa ta matso, abin da ke hannuna ƙyalle ne guda ɗaya, dogo zololo, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, mai zanen baƙi da fari.

Abokina Nasiru ne ya ƙarasa ni. Ya nuna mini hotuna a wayarsa, wai a ƙasar Sikotlan maza ƙarti masu gemu siket suke sawa, mai zane irin nawa sak, kuma a can kayan girma ne. Na duba, na ga lallai mutanen ba su da alamar jin kunya. Na ce to, ni ma Basirka za ta ga girma.

Da na kai wa tela, ya ce a yanyanka ƙyallen a jera, na ce sam, ba a sa wa gumina almakashi. Na naɗa shi a ƙuguna zagaye bayan zagaye kamar rawani, daga cibiya har gwiwa, na ɗan yi masa ɗinki da allura don ya tsaya. Wutsiyar kuwa na bar ta tana reto, don ado. A ciki gajeren wandon ƙwallo ne, ja, a sama kuma farar riga da hula.

A mota wata tsohuwa ta yi ta yi mini addu'ar samun lafiya. Da na sauka na hau acaɓa zuwa ƙofar gidan. Na tarar da Malam a kan tabarma a gindin darbejiya, shi da dattawa biyu. Na dire daga babur, na cire takalmi, na tsuguna. Ban san wutsiyar ta naɗe a ƙarfen da ake ɗaure kaya ba.

Kun san gaisuwar surukai, ba a miƙewa sai an sallame ka. Malam ya ce ya hanya, na ce lafiya lau. Sai na ji an ja ni. Ya ce ya mutanen gida, sai ɗinkin ya fara ɓalle kansa, ɓat-ɓat-ɓat. Ɗan acaɓa ya nufi hanyar Gwaram da rediyonsa a kunne. Tun da ƙyallen naɗaɗɗe ne, dole ko in faɗi ko in juya, sai na zaɓi juyawa. Ina tsugune ina katantanwa, duk sanda fuskata ta zagayo wajen Malam sai in ce, "Lafiya lau, Allah gafarta Malam," ƙeyata kuma ta karɓi tambaya ta gaba. Shi kuwa bai fasa ba, har damina sai da ya tambaye ni.

Da juyin ya ƙare, ga ni durƙushe cikin jan gajeren wando, jiri yana ɗibata. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma na tabbata a raina Hadiza ta tafi ke nan.

Malam ya gyara gilashinsa ya ce, "Yarinyar ta ce za ka zo da saƙarka. Tana ina?"

Na ce, "Ta yi gaba, Allah gafarta Malam."

Dukansu suka juya suna kallon ƙyallen yana jan ƙasa a bayan babur har ya sha kwana. Ɗaya dattijon ya tura fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Malam ya daɗe yana kallon hanya, sannan ya ce abu biyu ya lura da su: saƙar ba ta tsinke ba, gaisuwar ma ba ta tsinke ba. Ya miƙo mini dardumarsa in rufe gwiwoyina, ya ce in turo magabatana.

Washegari ɗan acaɓa ya dawo da ƙyallen. Yanzu haka yana tsakar gidanmu, Hadiza na shanya a kai, kuma duk baƙuwar da ta zo sai ta ji tarihinsa. Ni dai na koyi darasi: in za ka je gidan surukai da kayan girman wata ƙasa, ka fara sa wandon ƙasarku a ciki, dogo.