Kwana Uku Injiniya Yana Jinyar Filashinsa

Daga Karaye har Rogo Ruma, Allah bai yi masanin kwamfuta kamar Injiniya Mijinyawa ba. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma shi ba ya ƙarya. Bai taɓa taɓa linzamin kwamfuta ba, wai wannan aikin mata ne da 'yan koyo. Baƙin allo yake buɗewa ya rubuta umarni, shi ya sa ake kiransa Sarkin Baƙin Allo. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a bayan babur.

To, sai kwamfutar ƙungiyar manoman gyaɗa ta Tudun Kaya ta ƙi tashi. A cikinta sunayen manoma ɗari uku suke, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓar sunayen masu samun iri. Wanda sunansa bai je ba, ya yi asarar damina. Halima Sadiya, sakatariyar ƙungiyar, ita ta shigar da sunayen, ita kuma za a tsine wa. 

Ranar Litinin Injiniya ya iso, filashinsa rataye a wuya kamar laya. Ya ce a kawo benci, jama'a su zauna su ga ilimi.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. A tayar da kwamfutar da filashi, sannan a yi amfani da wata 'yar manhaja mai suna chroot, wadda ke tsallakar da mai gyara daga filashin zuwa cikin kwamfutar da ta mace. Sai dai Injiniya mutum ne mai tsabta. Makon jiya ya yi wa filashinsa shara, ya umarci manhajar da ke kula da sauran manhajoji ta kwashe duk tarkacen da bai gane ba. Har da chroot ɗin aka kwashe.

Ya buga umarni. Allon ya amsa da layi ɗaya. Halima Sadiya ta leƙa, ta ce cikin ladabi kamar an rubuta ba a samu manhajar ba.

"Malama," in ji shi, "ni da kwamfuta ba ma 'yar haka. Ni ke magana, ita ke saurare. Injiniyan da ke karanta amsar kwamfuta bai gama karatu ba."

Ya ci gaba. Ya sauke wannan, ya cire wancan, ya sabunta komai, rubutu na ta gudu a allo, tsofaffi na ta salati. Da yake bai tsallaka ba, duk wannan alheri a filashinsa yake sauka. Kwana uku ana haka. Kaji biyu suka riga mu gidan gaskiya, matar shugaban ƙungiya, Alhaji Hammawa, ta gaji da dama fura.

Laraba da la'asar ya miƙe, ya yi jawabi kan yadda Kano ba ta san darajarsa ba, ya zare filashi, ya kunna. Kwamfuta ta yi shiru, irin shirun Litinin. Ya ce ai ta tsufa ne, ba ta iya ɗaukar aiki mai nauyin nasa, ya fita alwala.

Halima Sadiya ta fusata, ga tsoro. Ta mayar da filashin, ta karanta abin da allon ke ta faɗa tun Litinin, ta dawo da manhajar da ya share, ta tsallaka cikin kwamfutar, ta gyara ta. Kafin ya gama shafar kai, sunaye na fita daga firinta.

Da ya dawo ya ga takardu, ko gezau bai yi ba. Ya ce dama ya san gyaransa sai ya ɗan kwanta kafin ya kama.

Alhaji Hammawa ya zare filashin, ya miƙa masa da hannu biyu, kamar majinyacin da aka sallamo.

"Mun gode, Injiniya. Ya mai jiki? Allah ya ƙara masa sauƙi."