Shafukan da Fanka Ta Watsa

"…lafiya lau, baiwata. Gaisuwa kika kawo wa ubangidanki, ko yunwa ce ta koro ki?"

Tela bai ɗago daga kan keken ɗinkinsa ba, don ya san abin da ya kawo 'yar gwaggonsa. Jiya ta aike shi ya bugo mata darasin 'yan koyo a kan yadda kwamfuta ke jera fayil a cikin faifanta na ajiya. Jarrabawarta ranar Litinin, kwamfutarta ta mutu, filashin, 'yar na'urar ajiyar da darasin ke ciki, kuma Tela ya bar shi a aljihun wando an wanke. Takardun nan kaɗai suka rage mata.

"Bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa tambaya. Ina takarduna?"

Ya zaro su daga ƙarƙashin tarin yadi. Ta duba: shafin farko gabatarwa, na biyu ya faɗa tsakiyar maganar goge fayil, kuma babu lambar shafi ko ɗaya. Da ta tsare shi da ido, ya ce fanka ce ta watsa su har bakin titi, shi kuma ya bi su da gudun da ya tsere wa babur, ya ƙwato ɗaya daga bakin akuya, sannan ya jera su yadda ya fi kyau: masu zane a sama, masu yawan surutu a ƙasa.

"Wanda ya gudu daga aji uku ne zai jera min karatu?"

"Ban gudu ba. Abin koyarwa ne ya ƙare wa malaman."

Ya zaci kuka za ta yi. Sai ta cire takalmi, ta baje takardun a ƙasa nesa da iskar fanka, ta ɗauki wani shafi mai zanen akwatuna da kibau. Ta ce ga shi an nuna: kwamfuta kan yanka fayil gunduwa-gunduwa ta watsa, amma kowace gunduwa na nuna ta gaba da ita. Haka za su yi: ita ta karanta ƙarshen shafi, shi ya nemo wanda ya ɗora zancen.

"Kin gani? Gwaji muka shirya miki, ni da fanka. Kyauta."

"To kai ne faifan. Miƙo hannuwa."

Ta jibga masa takardu. Ya ce bayansa ya karye, ya ce masu ɗinki za su kai ƙararsa, ya ce yana jin kiran abinci daga gida. Ta ɗauke almakashinsa ta zauna a kai, ta ce sai shafin ƙarshe ya samu gidansa.

La'asar ta yi kafin jimla ta ƙarshe ta haɗu. Ta miƙe tana daidaita gefen takardun, idonta a kan fanka.

Tela ya fashe da dariya, ya kashe fankar, ya sa allura mai kauri, ya bi gefen takardun da ɗinki, kashi-kashi, layi biyu.

"Ungo, ranki ya daɗe. Yau dai ni ne bawan. Ba ni almakashina in yanke zaren."